Sai An Gwada: Yadda Kwamfutoci Ke Yin Gayya Don Auna Cunkoson Layin Waya

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

Iyayenmu mata da ke bakin murhu, sannunku da aiki. Direbobi da ke kan hanya, Allah ya sauke ku lafiya. Ɗalibai, ku matso kusa da rediyo, domin yau akwai rabonku a ciki. Wannan shi ne shirinmu na kimiyya da fasaha.

Bari mu fara da safiyar Sallah. An sauko daga idi. Malam ya ciro waya zai yi wa mahaifiyarsa barka da Sallah a ƙauye. Ya kira, bai shiga ba. Ya sake kira, bai shiga ba. Ga sabis a cike a fuskar waya, ga kuɗi a layi, amma kira ya ƙi tafiya.

Me ya faru? Wayarsa lafiyarta ƙalau. Turken sadarwar unguwar ma yana aiki. Cunkoso ne. Kowa ya ɗaga waya a lokaci ɗaya.

Ranar Sallah, abin yakan tsaya a ɓacin rai. Amma ku tuna da mai naƙuda da tsakar dare, mijinta yana neman mai mota. Ku tuna da ɗan kasuwar da ya tura kuɗin kaya, kuɗin suka maƙale a hanya, mota kuma za ta tashi. Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, lafiyarmu da cinikinmu da zumuncinmu suka rataya a kan waɗannan layuka. Shi ya sa ban ɗauki batun nan da wasa ba.

Tambayarmu ta yau ita ce: ta yaya injiniya zai san layi zai cushe tun kafin a gina shi? Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafa turke ɗaya kuɗi ne masu yawa. Ba za a kafa a gani ko ya yi, in bai yi ba a tumɓuke.

Ku riƙe mini kalmomi uku, da su za mu yi tafiya har ƙarshen shiri. Kwaikwayo. Ƙuri'a. Gayya. Na sake faɗa: kwaikwayo, ƙuri'a, gayya.

Zango na farko: daga ina layi yake fitowa?

Mu je wurin injin niƙa na unguwa. A ce duk minti 5 ana kawo niƙa ɗaya, mai inji kuma yana gama kowanne a minti 4. Da mutane suna zuwa daidai da agogo, da babu mai jira. Ya gama da wannan, ya huta minti ɗaya, wani ya iso.

Amma haka mutane suke zuwa? A'a. Wani lokaci yara uku su iso tare, kowa da roba a ka. Wani lokaci a yi kwata guda shiru. Wata ta aiko da gero rabin kwano, wata ta aiko da masarar biki tiya biyar. Minti 5 da minti 4 ɗin nan matsakaici ne kawai, wato abin da ake samu in an haɗa an raba. Shi kuwa layi, daga rashin daidaiton yake fitowa.

Yanzu ku saurari wani lissafi da ya kamata duk mai harka da jama'a ya sani. A tsarin layi mafi sauƙi da masana lissafi suka warware, idan inji yana aiki rabin lokacinsa, za ka riƙa tarar da mutum 1 a wurin, a matsakaici. Idan yana aiki kashi 80 cikin 100 na lokacinsa, mutum 4. Kashi 90, mutum 9. Kashi 99, mutum 99. Kun ji? Daga 90 zuwa 99 aikin bai ƙaru da yawa ba, amma layin ya ninka sau 11. Cunkoso ba ya zuwa a hankali. Yana lallaɓowa, sannan ya faɗo gaba ɗaya.

Wanda ya fara kawo wannan tunani cikin harkar tarho wani masanin lissafi ne ɗan ƙasar Danmak, sunansa Agner Erlang. Ya yi aiki da kamfanin tarho na birnin Kwapanhagan. A 1909 ya wallafa bincikensa na farko kan yadda kira ke shigowa. A 1917 ya fitar da wata dabarar lissafi da har gobe ake amfani da ita. Ma'aunin nauyin kira ma sunansa aka sa masa. Erlang ɗaya shi ne layi ɗaya da ake magana a kansa ba yankewa.

Ga misali daga dabararsa. A ce a wani ƙauye, a matsakaici mutum 5 ne suke son magana a lokaci guda. Sai ka ce to, a ba su layi 5 mana. In aka yi haka, kusan kira 28 cikin 100 ba zai shiga ba. Sai an ba su layi 10 kafin abin ya sauko ƙasa da kira 2 cikin 100. Matsakaici ya ce 5, gaskiyar aiki ta ce 10.

To, in akwai dabarar Erlang, me ya sa ake neman wata hanya? Domin dabarar ta ɗauka cewa wanda kiransa bai shiga ba ya haƙura ya tafi. Malam na safiyar Sallah ya haƙura? Bai haƙura ba. Ya sake kira, ya sake kira. Kowane sake kira ƙarin kaya ne a kan jakin da ya riga ya durƙusa.

Irin wannan ya taɓa faruwa da intanet tun tana jaririya. A watan Oktoba na 1986, a jihar Kalifoniya ta Amurka, akwai wani layi tsakanin wata cibiyar bincike da jami'ar Berkeley. Tazararsu kamar yadi 400 ce. Layin yana ɗaukar bit 32,000 a daƙiƙa. Bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayani a kwamfuta. Sai ya faɗo zuwa bit 40. Babu wayar da ta tsinke. Kwamfutoci ne suka yi ta sake aika saƙon da suke zaton ya ɓata, har maimaicin ya toshe hanya. Wani masani mai suna Van Jacobson ne ya gano cutar, ya fito da maganinta a 1988.

Hanyar sadarwa ta yau ta wuce nan nesa. Murya, bidiyo, kuɗi, hotuna, duk ana daddatsa su ƙunshi-ƙunshi, su bi ta na'urori da yawa, a kowace na'ura su shiga layi. Mai waya kuma ba a zaune yake ba, yana cikin mota yana tashi daga turke zuwa turke. Babu dabarar lissafi guda da za ta haɗiye wannan duka a kan takarda.

(Gajeren kiɗa)

Zango na biyu: kwaikwayo da ƙuri'a.

Hausawa suka ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Abin da injiniyoyi suke yi ke nan. Sukan gina hanyar sadarwar a cikin kwamfuta tukuna. Turaku na ƙarya, masu kira na ƙarya, agogo na ƙarya. Su sake su su yi ta kai da komo, su kuma suna ƙirga. Kira nawa ya shiga? Nawa ya katse? Saƙo ya jira daƙiƙa nawa? Wannan shi ne kwaikwayo, wanda a Turance ake ce wa simuleshan.

Kada sunan ya firgita ku. Kuna iya yinsa a tsakar gida da ƙwarya biyu.

A ƙwarya ta farko, ku zuba 'yan takardu tara, an rubuta 1 zuwa 9. Wannan ita za ta faɗa muku minti nawa za a yi kafin mai niƙa na gaba ya iso. A ƙwarya ta biyu, takardu bakwai, 1 zuwa 7. Ita za ta faɗi minti nawa niƙansa zai ci. Ku rufe ido ku ciro, kamar yadda 'yan adashi suke ƙuri'ar wanda zai fara kwasa. Ku rubuta, ku mayar da takardar, ku girgiza. Mai niƙa na farko ya zo a minti na 3, niƙansa minti 6, zai gama a minti na 9. Na biyu ya zo bayan minti 2, wato a minti na 5. Ke nan zai jira minti 4. Haka za ku yi ta yi. Kafin ku cika shafi ɗaya, za ku ga layi yana tsawo yana gajarta a kan takarda, alhali babu inji, babu gero.

Abin da kwamfuta take yi ke nan, babu ragi babu ƙari, sai dai ita tana yinsa sau miliyoyi. Agogonta ma ba ya bin daƙiƙa ɗaya bayan ɗaya. Tsalle yake yi daga aukuwa zuwa aukuwa: wani ya iso, wani ya gama, wani ya iso.

Wannan dabara ta amfani da ƙuri'a tana da tarihi. A 1946, wani masanin lissafi ɗan asalin ƙasar Folan, Stanislaw Ulam, yana jinya a Amurka. Yana rage zaman jinya da wasan karta irin na mutum ɗaya. Sai ya tambayi kansa, sau nawa wasan yake warwarewa? Ya gwada lissafi, lissafin ya yi masa nauyi. Sai ya ce, me zai hana a shimfiɗa kartar sau ɗari a ƙirga kawai? Ya kai wa abokinsa John von Neumann wannan tunani. A cibiyar Los Alamos suke aiki, inda ake binciken makaman nukiliya, kuma a can aka fara amfani da dabarar. Abokin aikinsu Nicholas Metropolis ya raɗa mata suna Monte Karlo, sunan wata unguwa a ƙasar Monako da ta shahara da gidan caca. Suna ne kawai. Dabarar ba caca ba ce. Mai caca yana jefa ƙuri'a sau ɗaya yana fatan sa'a. Injiniya yana jefa ta sau miliyan don kada sa'a ta ruɗe shi.

Wani zai ce, kwamfuta ba ta da ƙwarya, ba ta da hannu. Ta ina take samun ƙuri'a? Tambaya ce mai kyau. Tana da wata dabarar lissafi da ke fitar da lambobi bi da bi, masu kama da na ƙuri'a. Ana ba ta lamba ta farko, daga ita sauran suke tsirowa. Injiniyoyi da kansu iri suke kiran wannan lamba ta farko. Irin da ka shuka, shi zai fito. Ka ba ta iri ɗaya yau da gobe, lambobi iri ɗaya za ta ba ka. Ku riƙe maganar irin nan, za mu dawo kanta.

(Gajeren kiɗa)

Zango na uku. Nan ne zuciyar shirinmu, don haka ku ba ni aron hankalinku.

Gwaji ɗaya ba amsa ba ne. Na sake faɗa: gwaji ɗaya ba amsa ba ne.

In Malam ya yi wasan ƙwarya ya samu jiran minti 3, Hajiya ta yi nata ta samu minti 7, wa ya yi kuskure? Babu. Kowa labarin ranarsa ya bayar. Mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau ya san wannan. In zai sayi buhu ɗari na dawa, ba ya duba saman buhu ɗaya ya biya. Yakan taɓa wannan, ya tsallaka ya taɓa wancan, ya duba na ƙasa, ya duba na tsakiya.

Saboda haka injiniyan kirki ba ya cewa jinkirin saƙo daƙiƙa kaza ne, ya yi shiru. Cewa yake yi, yana tsakanin kaza da kaza, kuma hanyar da na bi na auna tana dacewa sau 95 cikin 100. Wannan tazara tsakanin kaza da kaza ita ce iyakar kuskure. Sakamakon da ba a faɗi iyakar kuskurensa ba kamar awon da aka yi ne da mudun da ba wanda ya san girmansa.

Matsalar ita ce, rage kuskuren yana da tsada. In kana son rage shi da rabi, ninka gwaji sau 2 bai isa ba. Sai sau 4. In kana son ya ragu sau 10, sai ka ninka gwaji sau 100.

Ga wata matsala kuma. Mutanen da suke layi ɗaya, jiransu yana kama da juna. In na gabanka ya daɗe, kai ma za ka daɗe. Ke nan mutum dubu daga layi ɗaya ba shaidu dubu ba ne masu zaman kansu. Kamar 'yan gida ɗaya ne, bakinsu ɗaya. Dole a ƙara tsawon gwajin don cike wannan gurbi.

Sai ta uku. Da asuba, wanda ya fara zuwa injin niƙa ba ya tarar da kowa. Jiransa sifili ne. Amma wannan ba shi ne halin wurin ba. Haka kwaikwayo yake farawa, layuka duk fayau. Dole a bar shi ya ɗau zafi, a zubar da ƙirgan farko. Mai waina ta san wannan. Sai tanda ta yi zafi kafin a fara ƙirga ta sayarwa.

Yanzu ku haɗa da abin da ba kasafai yake faruwa ba. A ce ana son hanyar da ba za ta zubar da ƙunshin saƙo fiye da 1 cikin biliyan 1 ba. Don a auna wannan da ɗan tabbaci, ana son a ga zubewar kamar sau 100. Ke nan sai an kwaikwayi ƙunshi biliyan 100. Mu ƙaddara kwamfuta tana iya miliyan 1 a daƙiƙa. Za ta yi kusan awa 28 a kan tambaya ɗaya. Injiniya kuwa yana da tambayoyi ɗari. In an ƙara turke fa? In an canza faɗin layi fa? In wuta ta ɗauke a turke ɗaya fa?

Nan ne kalmarmu ta uku take shigowa.

(Gajeren kiɗa)

Zango na huɗu: gayya.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In gona ta fi ƙarfin mutum ɗaya, sai a kira gayya. Kwamfutoci ma haka. Aikin awa 28 ɗin nan, in kwamfuta 100 suka raba shi daidai, kamar minti 17 ne. Amma gayyar iri biyu ce, kuma bambancinsu babba ne.

Gayya ta farko: a ɗauki kwaikwayo ɗaya a yayyanka shi. Wannan kwamfuta ta riƙe ɓangaren Kano, waccan ta riƙe ɓangaren Zariya. Da jin sa, abin ya yi daidai. Amma akwai ƙaya a ciki, ita ce agogo. Kowace kwamfuta da agogonta na kwaikwayo. Ta Kano ta yi sauri, ta kai ƙarfe 10. Ta Zariya tana ƙarfe 9 da rabi. Sai ta Zariya ta aiko da kiran da ya kamata ya iso Kano ƙarfe 10 saura kwata. Ita kuwa ta Kano ta riga ta wuce wannan lokaci, ta rarraba layukanta kamar kiran bai taɓa zuwa ba. Lissafi ya ɓaci.

Masana sun fito da mafita biyu. A 1979, Mani Chandy da Jayadev Misra na jami'ar Texas suka ce a yi taka-tsantsan. Kada kwamfuta ta matsa gaba sai ta tabbata babu saƙon da zai zo mata daga baya. Maƙwabta su riƙa sanar da juna, ba ni da komai dominki har ƙarfe kaza. Hanyar ba ta kuskure, amma jira ya yi yawa a cikinta. A 1985, David Jefferson ya kawo akasin haka. Ya ce kowa ya ci gaba da gudu. In saƙo ya zo daga baya, a koma a warware, kamar tela ya farke ɗinki ya sake. Har saƙonnin da aka riga aka aika wa maƙwabta, sai a bi su da saƙon janyewa. Wani lokaci wannan yana sauri sosai. Wani lokaci farkewa takan cinye ɗinki.

Irin wannan gayya tana da amfani idan hanyar sadarwar ta yi girman da kwamfuta ɗaya ba za ta iya ɗauka ba. Amma tana da wuyar shiryawa.

Gayya ta biyu ita ce ta fi burge ni, saboda sauƙinta. Ba a yanka komai. Kowace kwamfuta ta ɗauki kwaikwayon gaba ɗayansa, ta yi shi da ƙuri'arta ta daban. Babu mai jiran wani. Kamar gida goma ne a unguwa, kowane gida da ƙwaryarsa biyu, kowa yana wasansa, yara suna kai sakamako wurin malami ɗaya da ke zaure. Malamin yana haɗawa, yana duba iyakar kuskure. Da ya ga ta matse yadda ake so, misali ba ta wuce kashi 5 cikin 100 ba, sai ya ce a tsaya haka.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A jami'ar Canterbury da ke birnin Christchurch na ƙasar Niyu Zilan, Krzysztof Pawlikowski da abokan aikinsa sun gina manhaja mai yin daidai wannan aiki a shekarun 1990. Suka sa mata suna Akaroa, sunan wani ƙaramin gari na bakin teku da ke kusa da su. Manhajar takan rarraba kwaikwayo ga kwamfutocin da ke haɗe a layi ɗaya, ta riƙa karɓar sakamako, ta tsayar da aikin da kanta idan ya nuna. Kwamfuta mai sauri ta kawo da yawa, mai nawa ta kawo kaɗan, duka ana so.

Amma a kula. Gayyar nan tana da sharuɗɗa, kuma wanda ya saɓa musu ya yi aikin banza.

Sharaɗi na farko: kun tuna maganar iri? In kwamfuta goma suka fara da iri ɗaya, lambobi ɗaya za su fitar, sakamako ɗaya za su kawo. Malamin zaure zai ga baki ya zo ɗaya, ya ɗauka gaskiya ta tabbata. Alhali shaida ɗaya ne aka kira sau goma. Wannan kuskure yana da haɗari domin kama da nasara yake yi. Ko an bambanta irin ma, jerin lambobin wata na iya hawa kan na wata a tsakiyar hanya. Shi ya sa Pierre L'Ecuyer na jami'ar Montreal a Kanada ya tsara hanyar yanka dogon jerin lambobi gida-gida, kowa da nasa, babu mai shiga gonar wani.

Ita kanta dabarar fitar da lambobin tana iya zama gurɓatacciya. A shekarun 1960 an yi amfani sosai da wata mai suna RANDU. Daga baya aka gano cewa in aka ɗauki lambobinta uku-uku aka mayar da su ɗigo a cikin akwati, ba sa watsuwa kamar ƙura. Jeruwa suke yi a kan shimfiɗa 15 kacal. Ƙwarya ce da takardunta suka manne da juna.

Sharaɗi na biyu shi ne tanda. Kowace kwamfuta sai ta ɗumama tata. A ce aiki minti 100 ne, 10 na ɗumamawa, 90 na ƙirga. Da kwamfuta 10, ƙirga ta koma minti 9, amma ɗumamawa tana nan a 10. Jimla 19. Da kwamfuta 90, jimla minti 11. Ka kawo dubu ma, ba za ka sauka ƙasa da minti 10 ba. Gene Amdahl ya bayyana irin wannan iyaka tun 1967: ɓangaren aikin da ba ya rabuwa shi ke yanke wa gayya hukunci. Idan dambu ya yi yawa, ba ya jin mai.

(Gajeren kiɗa)

Zango na ƙarshe, kuma ɗalibai, wannan naku ne.

A 2002, Pawlikowski da wasu abokan bincikensa biyu sun duba maƙalu sama da 2,200 na harkar sadarwa. Suka tarar mafi yawan waɗanda suka yi amfani da kwaikwayo ba su nuna sun kula da cewa sakamakonsu na ƙuri'a ba ne. Ba su faɗi iyakar kuskure ba. Masana ne fa, a manyan mujallu. Abin yana damuna, domin a kan irin waɗannan rubuce-rubuce ake ɗora shawarar da za ta shafi kiran mai naƙuda.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi. Me aka rubuta a takardun da ke cikin ƙwarya? In an rubuta ba daidai ba, kwamfuta dubu ba za su gyara ba. Za dai su kawo amsar da ba daidai ba da sauri.

Shekaru da yawa an ɗauka zirga-zirgar bayanan kwamfuta kamar kiran tarho take. Kiran tarho kamar yayyafi ne. In ka haɗa na mutane da yawa, sai ya daidaita. Tsakanin 1989 da 1992, masu bincike a cibiyar Bellcore ta Amurka suka zauna suka auna ainihin abin da ke gudana a layukansu. Will Leland da abokansa uku suka wallafa sakamakon a 1993. Suka ga ba yayyafi ba ne. Tsit, sai kuma kamar da bakin ƙwarya. Ka duba a daƙiƙa, haka. Ka duba a minti, haka. Ka duba a awa, haka. Duk kwaikwayon da aka gina a kan zaton yayyafi ya raina tsawon layin da zai taru.

To mu fa? Yaya mutanenmu suke amfani da waya? Ranar kasuwar ƙauye, turken da ya yi kwana shida yana hutawa yakan cika maƙil. Bayan sallar Juma'a akwai tashin kira. A watan azumi, bayan shan ruwa akwai nasa. Alhazanmu a Mina sun san yadda abin yake, inda sama da mutum miliyan ɗaya suke taruwa a kwari ɗaya na 'yan kwanaki, har sai an ƙaro turaku na wucin gadi. Wanda bai zauna cikinmu ba, ba zai san abin da zai rubuta a takardun ƙwaryarmu ba. Ɗan unguwa ne ya san ranar da ake niƙan biki.

Kayan aikin kuma ba su fi ƙarfinmu ba. Akwai manhajar kwaikwayon hanyoyin sadarwa mai suna ns-3, kyauta ake sauke ta, kuma dabarar L'Ecuyer ta raba lambobi tana cikinta. Ɗakin kwamfuta na makaranta mai tsofaffin kwamfutoci goma ya isa gayya ta biyu.

Kafin nan, ga aikin gida, har da ku iyaye. A samu gida biyar ko goma. Kowane gida ya yanka takardunsa, 1 zuwa 9 a ƙwarya ɗaya, 1 zuwa 7 a ɗaya. Kada wani ya kwafi na wani. Ku yi masu niƙa 40. Ku zubar da 10 na farko, na ɗumama tanda ne. Sauran 30 ɗin, ku haɗa mintocin jiransu ku raba da 30. Sannan ku taru a zaure, kowa ya faɗi abin da ya samu. Ku rubuta mafi ƙanƙanta, ku rubuta mafi girma, ku fitar da matsakaicin gidajen duka.

In kun gama, ku cire takarda mai lamba 9 da mai lamba 8 daga ƙwarya ta farko, wato masu niƙa sun ƙara yawa kamar jajibirin Sallah. Ku sake yi, ku ga abin da zai sami layin.

Ku ajiye takardunku, da su za mu buɗe shirin mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri)